Darasin Wannan Wata: Ciyar da Maƙwabcin da Ya Rasa Murhu

Darasin wannan wata ya shafi abincin da mutanen gari ke haɗuwa su dafa, su ƙunsa, su kai wa waɗanda suka rasa gidajensu. A manyan biranen Turai da Amurka akwai masu kwana a bakin titi, kuma 'yan sa kai sukan shirya musu ƙunshin abincin rana. A ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo ba a saba da irin wannan ba. A da, da wuya a ga mai lafiya ba shi da wurin kwana. Ko baƙo yana da zaure. Abubuwa biyu ne suka kawo rashin gida a wannan yanki: ruwa da bindiga.

Madatsar ruwa ta Goronyo tana kan Gulbin Rima, an gama gina ta a 1984. A watan Satumba na 2010 ruwan sama ya yi yawa, madatsar ta cika, ruwa ya malala ya bi fadama. Gidajen ƙasa suka zube. Rumbuna suka jiƙe. Shinkafa da gero da suke dab da girbi suka nutse. Har a Sakkwato gadar da ke kan hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta karye. Dubban mutane suka koma makarantu da kan tudu.

A watan Yuli na 2018 'yan bindiga suka faɗa wa ƙauyen Tabanni a ƙasar Gandi, cikin ƙaramar hukumar Rabah. Fiye da mutum 30 suka rasu. Mutanen ƙauyukan kewaye suka gudo Gandi, aka sauke da yawansu a makarantar firamare. A watan Oktoba na 2021 aka kai hari kasuwar Goronyo ranar cinta, fiye da mutum 40 suka rasa rayukansu. A cikin waɗannan shekaru ƙauyuka da dama sun watse. Wasu mutanen Isa da Sabon Birni ma sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi a Nijar.

Idan irin wannan ta faru, hukumar agajin gaggawa ta jiha da ta ƙasa, wato NEMA, sukan kawo taimako. Amma sai an kai rahoto, an zo an duba, an loda mota. Ciki kuwa ba ya jiran mota. Ƙididdigar da Majalisar Ɗinkin Duniya ke yi ta nuna cewa mafi yawan 'yan gudun hijira a arewa maso yamma a cikin gari suke zaune tare da jama'a, kaɗan ne ke sansani. Ke nan abincin daren farko daga tukunyar maƙwabci yake fitowa.

Me ya sa dafaffe?

Wani zai ce, ai sai a ba su hatsi su dafa da kansu. To, a dubi macen da ta gudo cikin dare da goyo a baya. Aka miƙa mata tiyar gero. Kafin geron nan ya zama tuwo sai an surfa, an bakace, an wanke, an kai niƙa, an tankaɗe, an tuƙa. Tana bukatar turmi da taɓarya da faifai da rariya da tukunya da muciya. Tana bukatar ice da ashana da ruwa, ga kuma kuɗin inji. Duk ta baro su. Geron yana hannunta, yaranta suna kuka. Shi ya sa a kwanakin farko dafaffen abinci ya fi tsaba amfani.

Ciyar da mabukaci tsohon aiki ne a wannan ƙasa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya mai da Wurno ribaɗi, a can ya rasu a 1837, a can kabarinsa yake. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, matan da ke zuwa daga ƙauyuka ɗaukar karatu. Sukan zo da ɗan abin da ya sawwaƙa na hatsi da sauransu, a raba wa masu bukata. Har yau akwai gidajen da ba a kwashe tuwo sai an ware na almajiri. Akwai ciyayya, inda magidanta ke fito da akussa ƙofar gida a ci tare, wanda bai tuƙa ba ma ya sa hannu, ba wanda ya sani. Abin da ya canja shi ne yawa. Kwano ɗaya ba ya bukatar lissafi. Kwano ɗari kuwa yana bukata.

A ƙidaya kafin a ɗora tukunya

Aikin farko na takarda da alƙalami ne. Mutum biyu ko uku su zaga inda baƙin suka sauka, da sanin mai unguwa. A rubuta sunan mai gida ko uwar gida, da yawan bakin da ke tare da su. A ware layi na yara 'yan ƙasa da shekara 5, da masu ciki, da masu shayarwa, da tsofaffin da ba su iya tauna. Kada a tsaya a makaranta kawai. A leƙa kango, da rumfunan kasuwa, da tasha, da gidajen da suka sauke dangi. Gidan da ke da mutum 8 jiya ya wayi gari da 20, shi ma yana cikin lissafi, ko da mai gidan ya ji nauyin faɗa.

Wannan takarda amana ce. A lokacin tsoro, sunan mutum da wurin kwanansa ba abin yawo da su ba ne. Mutum ɗaya amintacce ya riƙe ta.

Kwamitin aikin ba sai ya yi girma ba. Mai unguwa, liman, malamin asibiti ko duba-gari, matan da suka saba girkin biki, da samari masu ƙarfi. Ƙungiyoyin addini irin su Jama'atu Nasril Islam da Fityanul Islam da Izala suna da 'yan agaji da suka saba tsara jama'a, haka ma Red Cross. Sai kuma wadda aka fi mantawa da ita: mace ɗaya ko biyu daga cikin baƙin. Ita ta san wanda ke kwance ba lafiya. Ita ta san tsohuwar da kunya ta hana ta fitowa.

Me za a dafa?

Abin da mutane suka saba ci, kuma wanda ke jure tafiya. Shinkafa da wake da mai da yaji suna da sauƙin ƙunsawa. Dambu da zogale da ƙuli-ƙuli yana riƙe ciki. Tuwo da miyar kuka ya fi arha, sai dai yana son kwano biyu. Hatsi kaɗai yana cika ciki amma ba ya gina jiki, don haka kada tukunya ta rasa wake ko gyaɗa ko ɗan busasshen kifi. Albasa kuwa, a ƙasar da ake noma ta a fadama, ba ta gagara ba. A yi amfani da gishiri mai sinadarin aidin, wanda doka ta wajabta a Nijeriya tun 1993.

Ƙananan yara suna da nasu. Cikinsu ƙarami ne, ba su iya cinye na yini a zama ɗaya. A dama musu kunu mai kauri sau biyu ko uku a rana. Akwai haɗin da ma'aikatan lafiya ke koyarwa: awo 6 na gero ko dawa, awo 3 na waken soya, awo 1 na gyaɗa, a soya kowanne, a niƙa tare. Jaririn da bai kai wata 6 ba nonon uwa kaɗai ya ishe shi. Sai a ciyar da uwar da kyau. Raba madarar gwangwani a wurin da babu tsabtataccen ruwa yana jawo gudawa, gudawa kuwa tana kashe jarirai. Yaron da ya rame ƙwarai, ko ƙafafunsa suka kumbura, ya wuce maganar kunu. A kai shi asibiti a auna damtsensa.

Awa biyu

Nan ne wurin da ya kamata mai karatu ya fi natsuwa. Abincin sadaka yana iya zama sanadin cuta, alhali wanda ya dafa alheri ya nufa.

Akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Suna cikin ƙura, da hannu, da ƙafar ƙuda, da ruwan da ba a tafasa ba. Wuta tana kashe yawancinsu. Amma da zarar an sauke tukunya abinci ya fara hucewa, sai su samu wurin hayayyafa. Sun fi son abinci mai ɗumi-ɗumi, wanda bai yi zafi ba kuma bai yi sanyi ba. A ma'aunin zafi, wannan yana tsakanin digiri 5 da digiri 60. Zafin bazara a ƙasar Sakkwato yakan wuce digiri 40. Wato iskar gari kanta ta dace da su. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye, in ba a kan wuta yake ba ko cikin firiji.

A gida wannan ba ya zama matsala sosai, domin ana saukewa ana ci. A girkin mutum ɗari kuwa abin ya bambanta. Misali, an sauke shinkafa da hantsi. Aka jira ta huce. Aka zauna ƙullawa a leda ɗaya bayan ɗaya. Aka jira mai babur. Aka jira wani babba ya zo ya buɗe rabo. Kafin ƙunshi ya isa hannun yaro an yi la'asar. Awa biyar ke nan ko shida, a cikin leda, cikin gumi.

Shinkafa tana da wani hali da ya kamata a sani. Akwai irin ƙwayar cutar da ke zaune a jikin tsabarta, wadda tafasa ba ta gamawa da ita. Idan dafaffiyar shinkafa ta daɗe a ajiye, ƙwayar takan farfaɗo ta saki guba. Ɗumame ba ya kashe wannan guba. Shinkafar ba lalle ta yi wari ba, ba lalle ta yi yauƙi ba. Wanda ya ci sai ya kama amai bayan 'yan awoyi. Babba zai iya jurewa. Yaron da dama yunwa ta raunana shi, ba lalle ba ne.

Maganin abin shi ne a juya tsarin aikin. A fara da lokacin ci, a yi lissafi baya-baya. Idan bayan azahar za a ci, to masu kai abinci su kasance a tsaye da baro ko amalanke kafin a sauke tukunya. A zuba da zafinsa, a rufe, a tafi. Idan wurin da nisa, gara a ɗauki tukunya da ice a je can a dafa. Abin da ya rage kada a ajiye shi sai gobe. A ba wanda zai ci nan take.

Sai maganar hannu da ruwa. Duk mai taɓa abinci ta wanke hannu da sabulu, a zuba mata ruwa da buta, kada kowa ya tsoma a ƙwarya ɗaya. A sake wankewa bayan an fito bayan gida, da bayan an yi wa yaro tsarki. A yanke farce, a ɗaure kai. Mai gudawa ko mai ƙurji a hannu ta huta, ladarta na nan. Wuƙar da aka yanka ɗanyen nama ko kifi da ita kada ta taɓa dafaffen abinci sai an wanke ta. A yi girki nesa da masai da bola da turken dabbobi.

Ruwan sha da na dama fura a tafasa shi, ko a sa masa maganin kulorin yadda malamin asibiti ya nuna. Fura da nono da kwaɗon ɗanyen ganye suna da daɗi, amma ba su bi ta wuta a ƙarshe, don haka sun fi haɗari a taron jama'a. An yi annobar amai da gudawa a arewa a 2010, an kuma yi babba a 2021, kuma jihar Sakkwato tana cikin waɗanda ta shafa. Cutar ta fi son inda mutane suka cunkushe, masai ya yi kaɗan, musamman bayan ambaliya. Idan wani ya fara zawo kamar ruwan shinkafa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari, a garzaya asibiti. In babu na fakiti, a haɗa: lita 1 ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Game da mazubi, leda ita ce mafi sauƙi, ita ce kuma mafi ɓarna. Takan fashe, takan cika gari, awaki da shanu su haɗiye ta su kumbura. Idan da hali, a sai wa kowane gida langa ko roba mai murfi tun ranar farko, a rubuta lamba a jiki. Kullum su wanke, a zuba musu. Kuɗin leda na 'yan makonni ya isa sayen kwanon.

Yadda ake rabo

A watan Disamba na 2024 an yi turmutsitsi a wuraren rabon abinci a Ibadan da Okija da Abuja. Fiye da mutum 60 suka mutu cikin mako guda, da yawansu yara ne. A duk wuraren jama'a sun taru fiye da abin da aka tanada. Wannan ya isa dalilin da zai sa a bar yin shela. Tunda akwai takarda, a bi ta. A kai wa kowane gida inda yake. Idan dole sai an yi layi, a raba na mata da na maza, a fara da tsofaffi da masu goyo. A yi ƙofar shiga daban da ta fita.

Akwai wani abu kuma da ba a auna shi da mudu. Mutumin da ke karɓar ƙunshin nan bara yana da rumbu. Wataƙila ya fitar da zakka, ya yi layya, ya sauke baƙi. Miƙa hannu yana yi masa ciwo fiye da yunwar. Saboda haka a yi sallama kafin a shiga, ko da ajin makaranta ne aka raba da zane. A gaishe shi Baba ko Malam, a gaishe ta Inna. Mata su kai wa mata. Samari su mai da waya aljihu. Ɗaukar hoton mai karɓar abinci a watsa a Facebook tozarci ne, kuma yana iya nuna wa maƙiyi inda mutum ya ɓuya.

Kada kuma a tambayi ƙabila a bakin tukunya. Rikicin nan ya kori Bahaushe daga ƙauye, ya kori Bafulatani daga ruga. Tantance baƙon da ake shakka aikin mai unguwa ne da uban ƙasa da jami'an tsaro. Mai riƙe da ludayi aikinta ta zuba.

Lissafin tukunya

A ɗauka mutum 100 za a ciyar sau ɗaya a rana. Kowane mutum giram 150 na ɗanyar shinkafa, giram 50 na wake, da cokali ɗaya na mai. A rana ana bukatar kilo 15 na shinkafa, kilo 5 na wake, da mai kamar lita ɗaya da rabi. Buhu mai kilo 50 zai yi kwana 3, ya bar kilo 5. A wata guda kilo 450 ke nan, wato buhu 9. Ba a sa ice da ruwa da gishiri da yaji ba. Kuma wannan ƙunshi bai kai rabin abin da jikin mutum ke bukata a yini ba, domin ƙungiyoyin agaji suna lissafin kalori 2,100 ga kowane mutum, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa.

Wannan lissafi yana nuna abu biyu. Na farko, gari ba ya iya ɗaukar nauyin nan da kunyar ido kawai. Ranar farko kowa yakan kawo. Mako na uku sai a nemi mutane a rasa. A Sudan, tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, 'yan sa kai na unguwanni suka buɗe wuraren girki na gayya, suka ciyar da jama'a masu ɗimbin yawa. Da yawan wuraren sun rufe lokacin da gudummawa ta yanke. Gara a yi alkawarin abinci sau ɗaya a rana a cika, da a fara da sau uku a tsaya ranar Laraba. A raba kwanaki tsakanin unguwanni. A buɗe littafi, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta shi a masallaci ranar Juma'a. A lokacin girbi a ware rumbun gayya. Manomi ya san zakkar noman damina kashi ɗaya ce cikin 10, ta noman da aka sha wahalar ban ruwa kuwa ɗaya cikin 20. Jihar Sakkwato tana da Hukumar Zakka da Waƙafi, kwamiti yana iya kai mata takardarsa ta hannun uban ƙasa.

Na biyu, dafaffen abinci na kwanakin farko ne. Tun a makon farko kwamiti ya fara tara tukwane da muciya da bokiti da tabarmi. Gidan da ke da tukwane uku yana iya sakin ɗaya. Turmi ɗaya yana iya yi wa gida biyar. Mai inji yana iya yafe kuɗin niƙa na wata guda. Da zarar mace ta kafa duwatsu uku ta hura wuta, a koma ba ta tsaba. Ita za ta san gishirin da mijinta ke so, da lokacin da yaranta ke jin yunwa. Kuɗin da ke ciyar da gida da dafaffen abinci yakan fi daɗewa idan tsaba aka saya da shi. Magidanta kuma a nema musu aron gona, ko aikin dashen albasa da yankan shinkafa a fadama, a biya su ladarsu daidai da kowa.

Ƙunshin sai ya ci gaba ga waɗanda ba su iya girki: tsoho mai zaman kaɗaici, makaho, mai jego da ba ta da mai taya ta, marayun da babbarsu ba ta kai ta ɗaga tukunya ba. Sunayensu su koma sabon shafi, a ba kowane ɗaya gidan da zai riƙa kai masa kwano.

Aikin aji

1. An sauke tukunya da ƙarfe 12 na rana. Ƙarfe nawa ya kamata a ce an gama ci?
2. Mutum 60 suka sauka a wata unguwa. Kilo nawa na shinkafa da na wake za a dafa a rana, bisa awon da ke sama?
3. Buhu mai kilo 50 kwana nawa zai yi musu?
4. Kowane ɗalibi ya zana layuka a littafinsa, ya rubuta: sunan mai gida, yawan mutane, yara ƙanana, masu ciki, tsofaffi. Ya cika na gidansu, ya kawo wa malami ya duba.